Sun Ce In Tsallake Ta

Litinin, 7 ga Yuni, bayan magariba

Motar Ilyasu ba ta tsaya min ba yau. Ina tsaye a bakin titinmu na Kubwa da jaka a kafaɗa, ya zo ya wuce fuu, kamar bai taɓa ganin mai kamata ba. Naomi na gidan gaba, ta sunkuyar da kai wai tana neman wani abu a jaka. Baya kuwa wayam, ba ni, ba ƙawata Rakiya. Shekara da shekaru mu huɗun nan a motar muke tafiya ofis a Sakatariya, mu dawo tare.

Ban yi mamaki ba. Tun ina alwalar asuba yamin ya zo, shi ya sa na sa takalmi marar tsini, don na san layin bas zan bi.

Tun ina yarinya a Malumfashi nake da abin nan. Sai bakina ya yi yami kamar na gatsi ɗanyen mangwaro, sai abu ya faɗo min a rai: za a yi baƙo, za a ɗauke wuta, miyar nan ba za ta kwana ba. Ƙananan abubuwa. Innata har ƙara shinkafa take yi in na faɗa mata. Ba boka, ba aljani, ba komai. Kuma Rakiya ta fi kowa cin moriyarsa. "Hansatu, in yi shanya ko za a yi ruwa?" "Hansatu, yau Darakta zai shigo da wuri?" In faɗa, ta tuntsire da dariya ta ce ni ce rediyonta.

Magana ɗaya na faɗa mata kafin abin hanyar Bwari. Ɗaya tak. Allah ya isa.

Talata, 8 ga Yuni, lokacin hutun azahar

An ware min kofi. Kofunan shayin ofis duk suna kan faranti, nawa shi kaɗai a kan taga.

Da na zo wucewa ta teburin Rukayyat mai buga takardu, na ji ta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Kurwata kur." Ni! Yarinyar da ni na koya mata yadda ake jera fayil. Na juya na kalle ta, ta hau danna kwamfuta kamar za ta fasa ta.

Naomi ta biyo ni banɗaki ta rufo ƙofa. Ta ce, "Anti, ka yi haƙuri fa, ba ni ba ne. Oga Ilyasu ne ya ce matanshi ya hana shi ɗauko ki." Na ce to me na yi wa matarsa? Ta yi ta murza zobe, sannan ta ce ranar da mutanen ofis suka je dubiya, Rakiya tana kwance ta juya fuska bango ta ce, "Bakin Hansatu ne." Gaban kowa. Da farko wai kambun baka ake cewa. Kafin maganar ta sauko daga hawa na huɗu zuwa ƙasa ta zama maita.

To shi ke nan. Tunda bakina ne, na rufe shi. Daga yau ko rufin ofishin nan na ji zai rufto, zan ɗauki jakata in fita in sayi gyaɗa.

Laraba, 9 ga Yuni, da yamma

Yamin ya zo a bakin lifta. Na bi matakala. Liftar ta tsaya da Rukayyat da mutum biyar tsakanin hawa na biyu da na uku har aka yi azahar. Ban ce uffan ba. Abincina ya yi min daɗi yau.

Alhamis, 10 ga Yuni, bayan magariba

Tayar baya ta hagu. Tun jiya na sani. Da a da ne, da na ce, "Oga Ilyasu, a duba tayar nan," ya ce, "An gama, Hajiya." Yau ina cikin bas, a matse tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani soja, muka zo daidai Dawaki inda ake aikin faɗaɗa titi. Ga shi nan a gefen hanya cikin ruwa, farar shaddarsa ta yi dumu-dumu da jan laka, yana fama da jak. Na leƙa sosai don ya gan ni. Ya gan ni.

Naomi ce kawai ta ba ni tausayi, ta rufe kai da leda. Amma ita ma ai ta iya sunkuyar da kai.

Asabar, 12 ga Yuni, da hantsi

Unguwa ta cika da ƙarar janareta, kowa na shirin kallon ƙwallo. Ni na wanke gidan nan tas, na sake wankewa.

Shekara takwas Rakiya tana jiran haihuwa. Wa ya raka ta wajen likitoci? Wa ta kira ranar da dangin mijinta suka yi mata gori a gidan biki, ta zo nan ta kwanta a kan kafet ɗin nan tana kuka har kwallinta ya ɓata min matashi? Da abin ya samu ma, ni na riga ta sani. Muna cikin mota, gosulo ya riƙe mu a Katampe, yamin ya zo, na raɗa mata a kunne na ce ta biya kemis ta sayi abin gwaji. Ta mintsine ni ta ce in daina wasa da ita. Washegari ta rungume ni a bakin titi har gyalenta ya faɗi. Ran nan bakina mai albarka ne.

Yanzu an ce hassada ce, don ni aurena ya mutu ban samu ba. To su zo su buɗe durowar gadona ta ƙasa, su ga 'yan abubuwan da na saya a kasuwar Wuse tun wata na uku, farare da ruwan ɗorawa, don ban san ko mace ko namiji ba. Wannan yamin bai faɗa min ba. Mai hassada ce ke zagaya kasuwa cikin rana tana zaɓen safa?

Abin da na ce ran Juma'ar nan, za mu rabu a bakin titi, shi ne, "Rakiya, kada ki je Bwari gobe." Ta ce sunan 'yar ƙanwar mijinta ne, in ba ta je ba za su ce tana baƙin ciki. Na ce, "To ni dai na faɗa miki." Ta yi dariya ta ce, "Rediyo ya fara kama tashar banza."

Ta je. Cikin ya zube. Sauran ba zan rubuta ba.

Na je dubiya washegari da farfesun kaza, aka ce min tana barci. Ina jin muryarta a ciki.

Litinin, 14 ga Yuni, bayan isha'i

Uthman ya zo, mijin Rakiya. Injiniya guda, mai digiri biyu, ɗaya ma daga waje. Ya tsaya a ƙofa yana juya makullin mota, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Na lura da ruwan.

Ya ce, "Hajiya Hansatu, jikin ne ya ƙi. Zazzaɓi ba dare ba rana." Na ce Allah ya sawwaƙe, a koma asibiti mana. Ya ce ai an je tun farko, an sallamo su da ƙwayoyi, ba ta canza zane ba. Yanzu gwaggonsa ta zo daga gida ta karɓi jinyar, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, in aka kuskura aka yi mata allura ma sai abin ya fi haka.

Na ce, "To ni me zan yi?"

Ya kalli silin, ya kalli takalminsa. Ya ce shi wallahi bai yarda da irin waɗannan abubuwan ba, amma don hankalin tsohuwa ya kwanta, da ita Rakiyar kanta, ko zan daure in zo in tsallake ta. Minti ɗaya ne. Ba wanda zai sani.

In tsallake ta! Yadda ake sa mayya ta tsallake wanda ta kama don ta saki kurwarsa. A Abuja, a gidan da ke da dish biyu a kan rufi.

Na ce, "Injiniya, ka yi lissafin nan da kyau kuwa? In na tsallake ta ta warke, na tabbata mayya har in mutu. In na tsallake ba ta warke ba, a ce na ƙi saki. In na ƙi zuwa, a ce na riƙe ta. Ta ina zan fita?" Na buɗe masa ƙofa na ce ya gaida Gwaggo.

Allah ya isa tsakanina da su duka.

Talata, 15 ga Yuni, da safe

Ba zan je ba.

Laraba, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Ba zan je ba. Bari ta warke da kanta, ta taso da ƙafarta ta dawo ofis ba tare da na ɗaga ƙafata ba, kowa ya gani. Sannan in tsaya a tsakiyar ofis in ce a kawo min kofina daga kan taga, kuma Rukayyat ce za ta kawo. Har na shirya abin da zan faɗa wa Ilyasu. Na maimaita shi a bas ya fi a ƙirga.

Na zauna na saurari bakina ko zai ce wani abu a kanta. Gas ɗina zai ƙare ran Asabar. Maƙwabciyata za ta zo aron dutsen guga. A kan Rakiya, shiru.

Alhamis, 17 ga Yuni, bayan an tashi daga aiki

Naomi ta raka ni tashar bas, abin da ba ta yi ba tun da aka fara. Jiya ta je gidan Rakiya. Ta ce ɗakin ya turnuƙe da hayaƙin turare, an rufe tagogi, Rakiya na karkarwa cikin bargo biyu, leɓenta duk ya tsage. Kuma akwai wani wari da turaren bai rufe ba.

Ta ce, "Anti, don Allah ka je ka tsallake shi kawai. Mene ne a ciki? Ni na san kai ba maye ba ne."

Na ce, "Kin sani? To kin faɗa a ofis?"

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ke da kika sani kin yi shiru, ni da aka yi wa ƙazafi ni ce zan je in sa hannu a kai da ƙafata?" Bas ta zo na shige, ban ko waiwaye ta ba.

Rakiya ta juya fuska bango ta kira sunana. Ban manta ba. Ko ruwa ba a bari na miƙa mata ba.

Juma'a, 18 ga Yuni, da sassafe

Yamin ya zo. Ban taɓa jin irinsa ba, har haƙorana sun mutu, shayi ya gagare ni.

Tabarmi a ƙofar gidan Uthman. Rumfa, da fararen kujerun roba. Babbar tukunyata ta biki, wadda Rakiya ke ara, a kan murhu a bayan gida. Mutanen ofis a jere, an sa hannu a haɓa. Gobe ne.

Na ce a raina, to sai me? Ba ni na ce ta je ba. Ba ni na rufe tagogi ba. Na yi alkawarin rufe bakina, kuma na ga daɗin rufe shi. Na goge kayan ofis, na sa, na ɗaura agogo.

Ga ni zaune a bakin gado. Ƙafata na taɓa durowar ƙasa.

Asabar, 19 ga Yuni, da hantsi

Jiya ban je ofis ba.

Na same su a falo, Uthman da Gwaggo da wasu maƙwabta mata. Ina shiga aka janye yara. Gwaggo, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai carbi, ta ce, "Yawwa 'yar nan, Allah ya yi miki albarka, ai abin ba a son ranki ba ne, gado ne. Ba mai tona miki asiri." Wato har ta yafe min!

Na ce, "Gwaggo, zan tsallake ta. Amma ba a gidan nan ba. A asibiti, bayan an yanki kati, likita na tsaye."

Ta ce ina aka taɓa haka? Na ce, "Ni ce mai abin ko ke? Ni na san inda yake saki. In ba a can ba, ba zai saku ba, kuma in rana ta faɗi ba ruwana." Da bakina na faɗi haka, a gaban matan unguwa. Na ga yadda suka kalli juna. A nan na san na gama da sunana.

Uthman ya gane. Ya kalle ni sau ɗaya, ya ruga ya tada mota.

Da aka fito da ita ban gane ta ba. Rakiya mai kumatu. Ni na riƙe kanta a cinyata har asibiti, don ba wadda ta yarda ta shiga baya tare da ni. Zafin jikinta ya ratsa zanena.

Nas ta ce ba za a yi mata wannan shirme a ɗakin marasa lafiya ba. Gwaggo ta kafe, ta riƙe keken da za a tura ta, ba allura sai an tsallake. Sai aka shimfiɗa gyalen Gwaggo a barandar asibiti, aka kwantar da ita a ƙasa. Masu jiran layi suka taso. Mai sayar da katin waya ya bar tebur ɗinsa. Na ga wata daga ma'aikatarmu, daga sashen albashi, ta kawo ɗanta awo, ta tsaya baki buɗe.

Na cire takalmi. Na tattare zanena. Na tsallake ta.

Idonta a buɗe yake, tana kallona daga ƙasa. Na durƙusa kamar zan gyara mata ɗankwali, na ce mata a kunne, "Ban yafe ba."

Suka tura ta ciki da gudu. Wankin ciki aka yi mata, aka ɗaura ruwa da ƙarin jini. Da likitar ta fito, ta tsare Uthman a gabana ta wanke shi tas. Ta ce abin da ya rage a ciki ne ya ruɓe ya shiga jini, da sun ƙara kwana ɗaya a gida da sai dai wani zancen. Ya ji. Na ji. Gwaggo tana can tana sallar la'asar.

Gas ya ƙare da safen nan, kamar yadda na sani.

Litinin, 21 ga Yuni, lokacin hutun azahar

Zazzaɓi ya sauka. Tana shan kunu.

Labari ya riga ni zuwa ofis. "Tana tsallake ta, ko awa ba a yi ba ta buɗe ido." "Da bakinta ta ce ita ta san inda yake saki." Ba mai maganar likita, ba mai maganar jini leda biyu. Uthman ya turo min saƙo a waya, godiya har layi shida, da addu'o'i. Na mayar masa da layi ɗaya: ka faɗa wa mutane abin da likita ta ce. Ya amsa wai in sha Allahu, a bari ƙura ta lafa, kada ran Gwaggo ya ɓaci.

Kofina ya bar kan taga. Yanzu an saya min sabo, mai ruwan zinariya a baki, an ɗora shi a kan faranti shi kaɗai. Masinja har rusunawa yake.

Laraba, 23 ga Yuni, da yamma

Na ce wa Rukayyat, "Kai, takalmin nan naki ya yi kyau." Ta koma gida da silifas ɗin banɗaki. Na yi dariya a bas har mai tumatir ta tambaye ni lafiya. Da na iso gida kuma na kasa cin abinci.

Lahadi, 27 ga Yuni, bayan azahar

Na buɗe durowar ƙasa don in ba maƙwabciyata kayan, ita ta kusa haihuwa. Har na sa a leda, sai na tuna ba za ta karɓa daga hannuna ba. Na mayar.

Litinin, 5 ga Yuli, bayan magariba

Na sa takalmi mai tsini yau, don tun asuba na san motar za ta tsaya.

Ilyasu ya fito da kansa ya buɗe min ƙofa. "Hajiya, barka da asuba, a yi haƙuri da abin da ya wuce, sharrin shaiɗan ne." Goshinsa na zufa da sanyin safiya. Ba kunya ce ta dawo da shi ba, tsoro ne, kada in riƙe shi a rai. Naomi ta ce, "Anti, sannu," ba ta juyo ba.

Rakiya na baya. Yau ta fara komawa aiki. Ta rame, gyalen ya yi mata yawa. Ta matsa ta bar min wajen taga, wajena. Muka hau babban titi, rediyo na ta yi.

Mun kusa kwanar Gwarimpa na ce, "Oga Ilyasu, kada ka miƙe ta Katampe yau."

Ko me ya sa bai tambaya ba. Ya karya kan mota har wata tasi ta kusa shigar mana. Muka bi ta Life Camp, muka faɗa Jabi, muka zo Berger muka tarar da gosulon da ya fi na kullum. Rana ta fito, mota ta ɗau zafi, takwas ta wuce, tara ta wuce. Yana ta duba agogo, bai isa ya yi tsaki ba.

Rakiya ta san ni. Ta san in yamin ya zo sai na tsotsi leɓena na yamutsa fuska, ta sha yi min dariya a kai. Ta matso, ta rage murya yadda na gaba ba za su ji ba.

"Ba ki ji komai ba."

Na ce, "Ban ji ba."

Can ta ce, "Uthman ya faɗa min abin da likita ta ce. Hansatu, ki yafe min." Hawaye na bin kumatun da babu. Ta kamo hannuna, hannunta ba nauyi.

Ban janye ba. Na ce, "Oga Ilyasu, rage rediyon nan, Rakiya za ta yi magana." Ya kashe shi gaba ɗaya. Na juya na ce mata, "A gaban mutane kika kira sunana. Ga mutum biyu, fara da su. Faɗa da ƙarfi."

Naomi ta juyo. Ilyasu ya ɗago ido a madubi. Rakiya ta buɗe baki, ta kalli ƙeyarsa, ta kalli Naomi, ta kalli cinyarta. In ta ce ba ni ba ce, sai ta ce wa? Gwaggo, da mijinta, da ita kanta da ta je Bwari. Na ba ta lokaci har muka wuce gadar Berger.

Ta ce, "Ba komai, Oga. Kunna abinka."

Na zare hannuna a hankali na ɗora a kan jakata.

Gobe ta Dutse zan ce ya bi.